TUN RAN GINI, TUN RAN ZANE: Jawabin wani Injiniya ga masu niyyar gina gida

Da yammacin wata Asabar, bayan sallar La'asar, wani ɗan uwa Injiniyan gine-gine da ya shafe shekaru sama da 20 yana wannan aiki tsakanin Zariya, Kaduna da Kano ya gabatar da jawabi a harabar wata makarantar Islamiyya. Mafi yawan mahalarta taron ƙananan ma'aikata ne da malaman makaranta da 'yan kasuwa, maza da mata, sai kuma birkiloli da kafintoci da aka gayyato musamman.

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzonsa (S), mai jawabin ya fara da cewa abin da ya sa ya amsa wannan gayyata shi ne yawan sulhun da ake kiransa ya yi. Ya ce da wuya wata ya wuce ba a kira shi ya duba wani gini da rigima ta tashi a kansa ba, kuma abin takaici, sau da yawa mai gidan da maginin a sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Mai gida yana cewa an cinye masa siminti, magini yana cewa an danne masa ciko. Idan aka ce to ina takardar da kuka rubuta, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Ya ce lamarin ya wuce rigimar kuɗi. Yawancin waɗanda ke zaune a wurin sau ɗaya za su yi gini a rayuwarsu, wani da kuɗin sallamarsa daga aiki, wani da adashen shekara goma, wani kuma da gonar gado da ya sayar. Kuma a ƙarƙashin wannan rufin ne zai kwantar da matarsa da 'ya'yansa kowane dare.

Daga nan sai ya ɗan koma tarihi, yana mai cewa kada wani ya ɗauka Turawa ne suka fara kawo mana tsari a harkar gini. Ƙasar Hausa tana da Sarkin Magina tun da daɗewa. Ya ambaci Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajajen shekarun 1830. Ya kuma ambaci Falke Barmu na garin Yama a Jamhuriyar Nijar, wanda masallacin ƙasar da ya fara ginawa a 1962 ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Irin waɗannan magina, in ji shi, zane da lissafi duk suna cikin kansu. Sun san cewa azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗi ya wuce ƙafa 6 ko makamancin haka, shi ya sa suka fito da bakan gizo da ɗaurin guga domin su rufe ɗaki mai faɗi. Yaro yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a yarda ya ɗora bango da kansa.

Ya ce Masallacin na Zariya ya tsaya sama da shekara 180 kafin wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023, ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Ya yi addu'a ga waɗanda suka rasu, sannan ya tuna wa jama'a cewa fadar Zazzau ta bayyana a lokacin cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin abin ya faru. A nan ne ya ce bambancin yake: ginin ƙasa yakan nuna ciwonsa a fili, amma kankare yana ɓoye nasa. Da zarar an zuba dekin an yi fulasta an shafa fenti, ba mai iya ganin rodi nawa ne a ciki, ko siminti nawa aka sa. Saboda haka ilimin da a da mutum ɗaya ke ɗauke da shi yanzu ya rarrabu a hannun mutane da yawa, kuma wajibi ne mai gida ya san aikin kowannensu.

Mutum na farko, a cewarsa, shi ne safiyo, kuma tun kafin a biya kuɗin fili ake kiransa. Ya tunatar da cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ikon filaye na hannun Gwamnan jiha, don haka takardar ciniki da dillali da mai unguwa suka sa wa hannu tana da amfaninta, amma ba ita ce shaidar mallaka ta hukuma ba. Sai mutum ya je ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ya bincika ko filin bai hau kan hanya ba, ko ba a riga an ba wani ba. Ya ja kunne ƙwarai a kan tsofaffin kududdufai da ake cikewa da shara a yanka a sayar. Irin wannan wuri yana ci gaba da zama ƙasa shekara da shekaru, kuma duk kyan bulon da aka ɗora a kai sai ya tsage. "Ka je ka ga filin a watan Agusta," in ji shi, "ka kuma tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa yake bi shekarun baya. Ruwa ba ya manta hanyarsa."

Ya fi daɗewa a kan mai zanen gini, wato akitek. Ya ce kuskuren da ya fi yawa a yau shi ne mutum ya ga hoton wani gida na Dubai ko Turkiyya a wayarsa, ya miƙa wa birkila ya ce irin wannan nake so. Hoto ba zane ba ne. Ba ya faɗin zurfin harsashi, ba ya faɗin ta ina rana za ta bugi ɗakin. Aikin akitek shi ne ya zauna da kai ya yi maka tambayoyi, har da waɗanda ba ka so. Mutum nawa ne za su zauna a gidan? Mahaifiyarka za ta dawo wurinka idan tsufa ya kama ta? Idan haka ne ɗakinta ba ya son matakala. Yaran nan da suke kwana ɗaki ɗaya yau, maza da mata, ina za a raba su nan da shekara biyar? Baƙo namiji zai iya shiga banɗaki ba tare da ya ratsa tsakar gida ba? Ya ce kakanninmu sun warware wannan da zaure da shigifa, amma mu mun rushe zaure mun sa falo mai ƙofa ɗaya, har ta kai idan maigida ya yi baƙi, matar gida ta zama fursuna a ɗakinta sai sun tafi.

A nan ya juya ɓangaren maza ya ce yana da ƙorafi a kansu. Cikin duk waɗanda suka taɓa zuwa wurinsa da zane, ƙalilan ne suka nuna wa matansu kafin a fara haƙa. Alhali ita ce za ta yini a gidan. Ita ta san inda hayaƙi zai dame ta, da inda za ta yi shanya, da nisan da ke tsakanin madafa da wurin ruwa. Gyara a kan takarda kuɗinsa fensir da abin gogewa, gyara a kan bango kuwa sai guduma.

Game da yanayin ƙasarmu, ya ce mai zane na kirki zai sa dogayen bangaye da manyan tagogi su fuskanci kudu da arewa, ya rage buɗewa ta yamma, domin ranar yamma ce ke mai da ɗaki tanda a watan Afrilu. Ta gabas kuma daga nan ne hadari da iskar farkon damina suka fi tasowa, shi ya sa magina na da suke ƙara wa bangon gabas kariya. Ya ce a ɗaga silin, a bar tagogi biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa, kada a yi gidan da ba ya zaunuwa sai da wutar lantarki. Ya kuma ce a gaya wa mai zane tun farko ya lura da alƙibla wajen ajiye masai, yana mai tunatarwa cewa a nan Arewa alƙibla gabas ce da ta ɗan karkata arewa.

Sai ya shiga batun maƙwabci. Ya ce malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan wannan, domin ko a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an hana buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabci, ko ƙofar da ke kallon tasa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi. Ya ce a birnin Tunis an yi wani magini mai suna Ibn Rami, a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun bango da indararo da taga, har ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini. Yau kuwa sai mutum ya ɗora bene ya sa baranda tana leƙa tsakar gidan talakan da ke kusa da shi, ya kuma juya masa ruwan rufinsa.

Ya kawo misalin da ya sa wurin ya yi tsit. Masana lafiya suna so a bar aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe, in da hali ma mita 30. Fuloti na ƙafa 50 da 100 kuwa mita 15 ne da 30 kacal. Ke nan ko ka nisanta rijiyarka da naka ramin, mai yiwuwa ka kai ta gindin na maƙwabcinka, katanga ce kawai ta raba. Ƙarƙashin ƙasa kuma ba katanga. Don haka kafin mai zane ya ajiye rijiya da rami, sai a yi sallama da maƙwabta uku a tambaye su ina nasu suke. Ya ce da yawa daga amai da gudawar da ake fama da su a damina ba su rasa nasaba da rashin yin wannan sallama.

Da ya zo kan aikin Injiniya, wato fanninsa, ya ce ba zai yi wa kansa talla ba, amma duk wanda zai zuba dekin ko ya ɗora bene, kada ya kuskura ya yi ba tare da lissafin Injiniya mai rajista ba. Ya ce akwai hukumomin da ke riƙe da sunayen ƙwararru: ARCON ta masu zane wadda aka kafa a 1969, COREN ta injiniyoyi a 1970, da CORBON ta magina a 1989. Ba rashin kunya ba ne ka tambayi mutum lambar rajistarsa, domin a wurin gini kowa ya sa hular kwano sai a ce masa Injiniya.

Ya tuna wa jama'a benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda mutane sama da 40 suka mutu, har da mai ginin kansa. Ya ce abin lura shi ne kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta takarda tun a 2020 yana janye hannunsa, amma aka ci gaba. Ya ambaci bene mai hawa uku da ya faɗi ana cikin gininsa a titin Beirut a Kano a watan Agusta na 2022, da makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yuli na 2024, aka rasa rai 22.

Amma ya ce wanda ya fi tsaya masa a rai ƙarami ne, bai shiga jarida ba. Wani malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya gina gida mai ɗakuna uku. Bayan wasu shekaru ɗansa zai yi aure, ba kuɗin fili, sai birkila ya ce masa ai harsashin nan zai ɗauki sama. Aka cire kwano aka zuba dekin a kan bulo mai inci 6, ba ginshiƙi ko ɗaya. Damina ta biyu ƙofofin ƙasa suka daina rufuwa, sai aka kira kafinta ya fere su. Da aka kira shi ya je, ya ce ya ga tsagar da hannunsa ke shiga, ga jikoki suna wasa a ƙarƙashi. A daren ya sa aka kwashe mutanen gidan. Sai da aka sauke saman gaba ɗaya, kuɗin sallamar shekara 35 ya koma ɓaraguzai. Ya ce da dattijon ya gaya wa mai zane tun farko cewa wata rana yana so ya hau sama, da an yi masa harsashi da ginshiƙan da za su jira shi ko shekara nawa ne.

Ya taɓo neman izinin gini a taƙaice, ya ce a kai zane KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna ko takwarorinsu a sauran jihohi, a kuma adana rasit, domin ranar da aka zo da jan fenti aka yi wa bango alama, takarda ce kaɗai ke magana.

Daga nan ya koma kan rubuta yarjejeniya. Ya ce abin mamaki ne a ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma Musulmi ya ba da aikin miliyoyi da fatar baki, wai don kada a ce bai yarda da ɗan uwansa ba. Rubutun ne ma ke tsare zumuncin. Ya ce a fayyace: jinga ce ko biyan yini? Idan jinga ce, daga ina zuwa ina? Wa zai sayi kaya, wa zai kawo ruwa, wa zai biya mai gadi? Ya ba da shawarar a raba biya gwargwadon aiki, kashi a harsashi, kashi idan an kai linta, kashi a rufi, kashi a fulasta, kada kuɗi ya riga aiki nisa. Kafin alƙalami mai yawa shi ke sa magini ya ɗauki kuɗinka ya je ya ƙarasa aikin wani. Sannan a yarda tun farko cewa za a riƙe kashi 5 cikin 100 har damina ɗaya ta wuce a ga ko rufin yana yoyo.

Ya ce a rubuta abin da za a yi idan farashi ya motsa. Buhun simintin da ake saye wajen N5,000 a 2023 ya haura N10,000 a farkon 2024. Maginin da ya karɓi jinga har da kaya a tsohon farashi, mai gida kuma ya ce shi bai san zance ba, hanya biyu ce ta rage masa: ya gudu, ko ya rage siminti. Duka biyun a kan mai gida za su ƙare. Don haka ya ce a sami mai ƙididdigar kayan gini ya fitar da adadin komai a rubuce, a kuma ajiye kashi 10 cikin 100 a gefe saboda abin da ba a zata ba.

Sai ya koya wa masu gida 'yan dabarun da za su duba aiki da kansu. Bango mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya yana cin bulo kusan 10, don haka kowa na iya auna bangonsa ya san ko bulon da aka ce an saya ya shiga ginin. Bulo mai inci 9, a ganinsa, kada buhu ya fitar da fiye da 30 zuwa 35, amma akwai masu fitar da 50 har da ɗoriya. Ka ɗaga shi daidai ƙirji ka sake shi, in ya watse kamar garin kwaki ka bar musu kayansu. Kankaren da aka saba, buhu ɗaya na siminti ne da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Rodi kuwa a ɗora shi a sikeli: mai milimita 12 idan tsawonsa ya cika mita 12 nauyinsa ya kusa kilo 10 da rabi, mai 16 kuma kusan kilo 19. Kada a zuba kankare sai Injiniya ya zo ya ƙirga rodin da idonsa. Bayan an zuba a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, domin sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma kada a bar kafinta ya cire katakon da ke tallafe da dekin don yana sauri ya kai shi wani aiki.

Da ya lura birkilolin da ke wurin sun fara ɓata rai, sai ya yi murmushi ya ce saura masu gida. Ya ce ya ga mai gidan da ke zuwa cikin babbar mota ya ce wa lebura ya dawo gobe a kan kuɗin yini ɗaya, alhali da shi zai sayi garin tuwon dare. Ya ga wanda zai tara magina biyar ya ba wanda ya fi araha, yana sane da cewa kuɗin ba zai yi aikin ba, daga baya ya zo yana kukan ha'inci. Akwai kuma wanda kullum ya zo da abokinsa sai an matsar da ƙofa, amma idan aka ce kuɗi ya ƙaru sai ya ce an cuce shi. Ga magina kuma ya ce ragowar siminti da guntayen rodi ba naku ba ne sai an ba ku, kuma faɗin "ban iya wannan ba" bai taɓa rage wa gwani daraja ba.

A lokacin tambayoyi, wani dattijon birkila ya miƙe ya ce, "Injiniya, shekarata 40 ina gini, ba wanda ya taɓa faɗuwa. Yanzu yaron da na haifa zai zo da takarda ya ce in kwance?" Mai jawabin ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma. Hannunku ya fi namu, ni kaina ba zan iya jera bulo layi uku ya miƙe ba. Amma nauyin da dekin zai ɗauka lissafi ne, ba a ganinsa da ido. Ku gyara mana a inda kuka fi mu, mu ma ku bari mu ƙirga rodin." Dattijon ya ce in dai za a yi magana da ladabi, ba a gaban leburorinsa ba, to ya yarda.

Wata malama daga ɓangaren mata ta aiko da takarda tana cewa mijinta ya rasu ya bar gini a linta shekara huɗu ke nan, ga marayu biyar suna gidan haya, ga shi ba zane, maginin da ya fara kuma ya bar gari. Ya amsa cewa kada ta bari a ɗora komai sai an tona gefen harsashin a wuri biyu ko uku an ga zurfinsa, an kuma gwada bulon da ya sha ruwan damina huɗu. Idan suna da kyau, ta fara rufa ɗaki biyu da banɗaki su shiga, kuɗin hayar ya koma cikin ginin. Ya ce ta ba masu shirya taron kwatancen wurin, shi zai je ya duba ranar Talata ba tare da ta biya komai ba. Nan take birkiloli biyu da kafinta ɗaya suka ɗaga hannu suka ce a sa sunansu.

An rufe taron da addu'a gab da kiran sallar Magariba.